Gadon da dillalin goro ya bar mini

A makon nan zan ɗan kauce wa tsarin da muka saba, domin a watan da muke ciki ne mahaifina ke cika shekara 9 da rasuwa. Ina so in ba ku labarinsa, saboda yawancin shawarwarin da nake bayarwa a shafin nan, idan aka bi saiwarsu, a wurinsa za a tarar sun samo asali. Sannan a ƙarshen rayuwarsa akwai wani darasi da ya shafi gidaje da yawa, musamman yanzu da kuɗin magani ke neman gagarar mai ƙaramin ƙarfi.

Baba bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun littattafai a zaure, sannan ya gaji sana'ar mahaifinsa ta dillancin goro a unguwar Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo, amma a Sabo aka haifi Baba, a nan kuma aka haife mu. Yana jin Yarbanci kamar Bayarabe. Aikinsa shi ne fatake daga Arewa su sauka a hannunsa, ya haɗa su da masu goro daga wajajen Shagamu da Ondo, ya tsaya a yi ciniki, ya kuma tsaya a ɗaure huhu a loda a mota zuwa kasuwar Mariri ta Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Mafi yawan wannan ciniki bashi ne, kuma babu wata takarda da lauya ya sa wa hannu. Mai goro zai saki kayansa ne don dillali ya tsaya wa mai saye. Idan mai saye ya gaza biya, wuyan dillali za a kama. Saboda haka dillali ba shi da wani jari da ya wuce sunansa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Uwata" yake ce mini.

Masu goro suna da wata cuta da suke kira sankara. Tsutsa ce da ke shiga cikin goro ta riƙa cinsa ta ciki, alhali daga waje za ka gan shi jawur, yana ƙyalli. Idan aka bar guda ɗaya mai sankara a cikin huhu, a hankali sai ta bi sauran. Don haka lokaci zuwa lokaci Baba yakan sa a kwance goron da aka ajiye, a zube shi a tabarma, a sake masa ganye, a tsince. Mu yara mukan zauna gefe muna taya shi. Yakan ɗauki goro ya juya shi a tafin hannu, ya nuna mana ɗan ƙaramin ramin da tsutsar ta bi, wanda idan ba an nuna maka ba ba za ka lura da shi ba. Wata rana wani yaronsa ya cusa masu sankara a tsakiyar huhu, ya lulluɓe da masu kyau, don kada a yi asara. Baba ya gane bayan an gama ɗauri, mota tana jira, magariba ta kawo jiki. Ya sa aka kwance huhun gaba ɗaya, aka sake tsincewa da fitila, ya biya direba kuɗin jira daga aljihunsa. Bai zagi yaron ba. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Wanda zai kwance huhun nan a Kano bai san fuskarka ba, sunana ya sani."

Ina tuna wannan magana kusan kullum a wurin aiki. Wanda ya miƙo mini takardar likita ba shi da hanyar da zai gane ko ƙwayar da na ba shi ta gaske ce ko jabu, ko an ajiye ta inda zafi ya lalata ta, ko kuma za ta yi karo da wani maganin da yake sha. Ya karɓa ne bisa amana, kamar yadda mai goro a Kano ke karɓar huhu. A jami'a an koya mana wannan da dogon Turanci, amma tun ina 'yar shekara 8 na ga yadda ake aiki da shi a kan tabarma.

Baba yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta lissafinsa da ajami. Kullum bayan sallar isha'i zai zauna ya shigar da abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da ƙwarya ɗaya ce ta goro. Abin da aka rubuta da boko kuwa, ni ce mai karanta masa. Daga rasidai na fara, har aka kai ga kwalayen magani. A farkon shekarun 2000, lokacin da Dora Akunyili ke shugabancin hukumar NAFDAC, maganar jabun magunguna ta cika rediyo, shi kuma Baba ba ya rabuwa da rediyonsa. Tun daga lokacin babu maganin da ke shiga bakin wani a gidanmu sai an kira ni. "Uwata, zo ki duba mini, akwai lambar hukuma? Yaushe wa'adinsa zai cika?" Ya hana a saya mana magani a hannun masu yawo da shi a faranti cikin rana, ko masu talla a motar haya. Yakan ce abin da ba za ka yarda a yi wa goro ba, kada ka yarda a yi wa abin da za ka haɗiya. A haka na koyi karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalba, a haka kuma sha'awar wannan fanni ta shige ni.

Da na sami gurbin karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba kowa ne ya yi murna ba a dangi. Wasu suka ce 'ya mace, tafiya mai nisa, karatun shekara 5, yaushe za ta yi aure? Baba ya saurari kowa har ya gama. Sannan ya ce shi ya sha ganin mahaifiyarmu ta dawo daga kemis ba ta sayo abin da ta je saya ba, saboda nauyin bayyana larurarta ga namiji. Ya ce idan kowa ya ƙi tura 'yarsa, to wa zai saurari matanmu? Da kansa ya raka ni a motar dare, ya damƙa ni a hannun iyalin wani amininsa a Samaru, ya juya washegari don kasuwa ba ta jira. A tasha ya ce mini, "Ki riƙe sallarki, ki riƙe abin da ya kawo ki." Nasihar ke nan gaba ɗaya.

Ina aji biyu a jami'a ya biya kuɗin Hajji. A wajen gwajin lafiyar maniyyata ne aka gano jininsa ya hau sosai, aka sake aunawa a wasu ranaku aka ga haka abin yake, likita ya ɗora shi a kan magani. Baba ya ce shi bai ga dalili ba, tunda ko ciwon kai ba ya yi. Da na zo hutu muka zauna, na ce masa, "Baba, wannan ciwo halinsa ɗaya da sankarar goro. Daga waje lafiya lau, amma a ciki yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "To, Uwata ta kama ni da sana'ata." Daga ranar ya buɗe wani shafi a bayan littafinsa. Duk ranar da ya sha magani sai ya ja ɗan layi, duk ranar da aka auna shi sai ya rubuta lambar. Mahaifiyarmu ta rage gishiri da magi da kanwa a girki. Abin da ya fi ba abokansa mamaki shi ne dillalin goro ya koma cin ɓari ɗaya a yini. Shekaru ya yi a haka cikin ƙoshin lafiya.

Sai kasuwa ta juya. Rikicin Arewa maso Gabas ya karya fatake da yawa da ke kai goro Maiduguri, har da masu ƙetarawa da shi Chadi da Kamaru. Wasu daga cikin waɗanda Baba ya tsaya wa sun rasa komai, wasu ma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Masu goro kuwa sunansa suka sani. Ya shiga biya da kaɗan-kaɗan daga aljihunsa, ga ƙannena uku a makaranta, ga darajar Naira ta faɗi a 2016, kaya sun tashi. A lokacin ina bautar ƙasa a wata jiha mai nisa. Daga ɗan alawus ɗina nakan tura masa kuɗin magani duk wata. Idan na kira na tambaye shi, sai ya ce, "Ina sha, Uwata."

Wata safiya yana dawowa daga sallar asuba, maƙwabta suka ga tafiyarsa ta sauya, bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita. Allah Ya saka musu da alheri, ba su tsaya wata-wata ba suka sa shi a mota zuwa asibiti. Hoton da aka ɗauka ya nuna jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Kwana 5 ya yi, Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan an share makoki, ƙanin Baba ya tara mu aka buɗe littafin don a san wanda ke bin sa da wanda yake bi. Aka tarar ya gama biyan masu goro, ko kwabo ba a bin sa. Da aka juya zuwa shafin magani sai muka ga abin da babu wanda ya sani a gidan, har mahaifiyarmu. Kusan wata 8 kafin rasuwarsa layukan sun fara yin tazara. Da farko yana tsallake kwana ɗaya, daga baya ya koma sha ɗaya a kwana uku, don kwalin wata guda ya kai shi wata uku. A shafin kuɗi kuma, duk ranar da saƙona ya shigo, a ƙarƙashinsa za ka ga an rubuta kuɗin makarantar wane, ko kuɗin jarrabawar wance. Bai yi mini ƙarya ba, yana sha ɗin. Kuma ko a wannan bai iya rubuta abin da ba haka yake ba a littafinsa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Kuma na san ƙauna ce ta sa ya yi abin da ya yi. Amma addininmu ya umarce mu da neman magani da riƙo da sababi, kuma a matsayina na wadda ta karanci fannin, wajibi ne in faɗi gaskiya: wannan ne lissafi ɗaya tilo da bai fita daidai ba a littafin Baba. Kuɗin maganinsa na shekara guda bai kai abin da aka kashe a kwana biyar ɗin nan na asibiti ba. Yaran da ya tauye kansa dominsu kuwa, sun ƙarasa karatun babu shi.

Na kawo wannan labari ne don na san ba Babana kaɗai ba ne. A wurin aiki ina ganin dattawa suna zuwa su ce a ba su na kwana goma, sai bayan wata guda in sake ganinsu. Wasu suna raba ƙwaya biyu ba da izinin likita ba. Wasu kuma sai sun ji kai na sarawa suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan 1 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ana cewa jini ya hau idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban. Maganin hawan jini ba ya warkar da ciwon, danne shi yake yi. Ƙwayar da aka ce a sha sau ɗaya a rana an tsara ta ne a sha kullum, don kada ƙarfinta ya yanke a cikin jini. Idan aka riƙa tsallakewa, jinin zai koma sama ba tare da mutum ya ji komai ba. Akwai ma wasu magungunan, irin su atenolol, da idan aka daina su farat ɗaya bugun zuciya da hawan jinin kan taso da ƙarfi.

Don haka ga 'ya'yan da iyayensu ke raye, ina ba da shawara kada a tsaya a "Baba, kana shan magani?" Amsar da za a samu an san ta. A ce ya kawo kwalin a gani, cikin ladabi da raha, a duba ranar da aka saya, a ƙirga abin da ya rage. Wanda ke nesa, maimakon ya tura kuɗi, gara ya biya kai-tsaye a kantin magani mai rajista, a kai wa tsohon maganin a hannu. Uban da ke da yara a makaranta, idan kuɗi ya shiga hannunsa, shi ne na ƙarshe da zai amfana da su.

Idan kuɗin maganin ne ya yi nauyi, a faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani ƙarara, babu abin kunya a ciki. Sau da yawa magani ɗaya ne kamfanoni daban-daban ke yi da sunaye daban-daban, kuma farashinsu ya sha bamban ƙwarai. Amlodifin, alal misali, akwai mai tsada, akwai mai sauƙi da ke da lambar NAFDAC, kuma sinadarin ɗaya ne. Idan kuma wata illa ce ke sa mutum gudun maganin, kamar busasshen tarin da lisinofiril ke sa wa wasu, ko kumburin ƙafa da amlodifin kan kawo, a koma wa likita ya sauya, kada a daina a ɓoye. A kuma bincika tsarin inshorar lafiya na jihar da ake zaune, domin tun bayan dokar 2022 an faɗaɗa shi ya haɗa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu.

Gidan da ke da hali ya sayi na'urar awon jini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Kafin a auna, a guji goro da shayi mai ƙarfi da taba na minti 30, a yi fitsari, a zauna a jingina baya na minti 5, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta a littafi, a tafi da littafin ranar ganin likita. A kula da magungunan ciwon gwiwa da ciwon baya irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda dattawanmu ke sha kamar gyaɗa, domin suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Gishirin da ake so babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da wanda ke cikin magi da yaji da burodi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ɗaga jini.

Kowa a gida, har yara, ya san alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko farat ɗaya. Idan aka ga ɗaya daga ciki, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nufi babban asibiti nan take. A yi addu'a a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wani magani, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya abin ya wuce huhunsa. Kada kuma a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoto, saboda idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Sannan wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da hawan jini ya sani cewa ciwon yana bin jini. Ni da ƙannena duk muna aunawa, ko da ba ma jin komai.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato halin da ƙananan yara ke shiga bayan rasuwar uba. Autanmu yana da shekara 10 a lokacin. Bai yi kuka a gaban mutane ba, har ana yaba masa dauriya. Bayan 'yan makonni sai ya fara ciwon ciki kullum da safe, ya ƙi makaranta, ya koma kwana a bayan mahaifiyarmu. An gwada shi ba a ga komai ba. Yaro ba ya iya cewa "ina baƙin ciki", jikinsa ne ke faɗa. Abin da ya taimake shi shi ne mahaifiyarmu ta daina ɓoye hawayenta, ta riƙa ba shi labarin Baba, ƙanin Baba kuma ya riƙa riƙe hannunsa zuwa masallacin Juma'a kamar yadda mahaifinsa ke yi. Kada a ce wa yaro babansa ya yi tafiya, domin zai zauna jiran dawowarsa. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, a bar shi ya yi tambaya, a koya masa yi wa mahaifinsa addu'a. Idan aka ga watanni sun wuce bai dawo daidai ba, ba ya ci, ba ya barci, a kai shi ga likita.

Ga iyaye maza kuma, ina roƙonku da girman Allah, ku sa lafiyarku cikin lissafin gida. Kuɗin maganinku ba almubazzaranci ba ne, a layi ɗaya yake da kuɗin abinci da kuɗin makaranta. Idan abu ya yi muku nauyi ku faɗa wa matanku da manyan 'ya'yanku, ba zai rage muku girma ba. Kuɗin makaranta idan ya makara ana iya roƙon alfarma a biya a wani watan. Kuma ku sani yaranku suna kallonku fiye da yadda suke sauraronku. Ban tuna Baba ya taɓa zaunar da ni ya yi mini wa'azi kan gaskiya ba. Ganin yadda yake yi da goro da bashi da mutane ne ya zauna mini, da shi nake aiki yau, shi nake fatan 'ya'yana su gani a wurina.

Malamai sun karantar da mu cewa addu'ar ɗa na gari tana cikin abubuwan da ke isa ga mamaci. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Babana a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, tare da dukkan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda ke raye kuma Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon kula da su. Wanda mahaifinsa ke kan magani, ya daure ya duba kwalin nan a makon nan.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.